Hedojin tsaro na shafinka: kada makin A+ ya sa ka miƙe ƙafa

'Yan uwa masu haɗa shafukan intanet da masu kula da shafin wani, akwai maganar da na jima ina son mu yi, a kan manhajojin nan da zaka liƙa musu adireshin shafinka su duba maka hedojin tsaro su baka maki, daga F ja wur har zuwa A+ kore shar. Ina son manhajojin nan sosai, kuma duk wanda ya tambaye ni ce masa nake yi je ka gwada yanzu yanzu, amma yadda nake ganin mutane na ɗaukar makin yana damuna, wani da ya ga A+ sai ya ɗauki hoton allo ya tura wa mai shafi yace aiki ya kammala, alhali ko rabi ba a yi ba.

Ga wanda bai saba ba, duk lokacin da ka buɗe shafi burauzarka tana aika buƙata ne zuwa sabar, sabar kuma ta dawo da amsa, kuma kafin rubutu da hotunan da ido ke gani akwai wasu 'yan layuka a saman amsar da mai karatu baya ganinsu, su ne heda. Wasu bayani ne kawai, misali wane irin fayil ne wannan, yaushe aka canza shi. Wasu kuma umarni ne ga burauza, kada ki buɗe shafin nan sai ta HTTPS (wato hanyar da ke ɓoye abin da ke wucewa tsakanin burauza da sabar, saɓanin HTTP), kada ki yarda a saka shi cikin firam a shafin wani, kada ki gudanar da JavaScript sai daga wurare kaza. Abin da ya sa suke da daraja shi ne burauzar mai ziyara ce ke aiwatar da su, wato ko da an samu ɓaraka a kod ɗinka akwai wata kariya a can hannun mutumin da ake son cuta. Kuma yawancinsu layi ɗaya ne a saitin sabar, ba sai ka sayi komai ba, shi yasa rashinsu yake min ciwo idan na gani a shafin da mutane ke shigar da kalmar sirri.

Manhajar da aka fi sani ita ce securityheaders.com, wadda Scott Helme, wani mai binciken tsaro ɗan Birtaniya, ya ƙirƙira. Ka sa adireshi ka danna, cikin daƙiƙu ta nuna maka waɗanda kake da su da waɗanda babu. Akwai ɗan akwati a wurin na ɓoye sakamako, ka riƙa danna shi, in ba haka ba sunan shafinka zai iya fitowa a jerin waɗanda aka duba kwanan nan kowa na gani, kuma in F ka samu ba abu ne da kake son tallatawa ba. Sai Observatory na Mozilla da ya fito a 2016, daga baya a 2024 aka mayar da shi ƙarƙashin MDN, shafin Mozilla na bayanai ga masu haɗa shafuka. Shi daga maki 100 yake farawa yana ragewa, in babu hedar Content-Security-Policy (CSP a taƙaice) gaba ɗaya ya cire 25, in babu hedar HSTS ya cire 20 (bayaninsu na zuwa a ƙasa), haka dai, kuma yana leƙa kukis, wato 'yan bayanan da shafi ke ajiyewa a burauzar mai ziyara, da yadda kake tura mutum daga HTTP zuwa HTTPS, abin da ya sa ni nafi jin daɗinsa kenan. In kuma kai mai son gani da idonka ne to curl, manhajar da ake kira daga layin umarni, ya ishe ka:

curl -sD - -o /dev/null https://example.com

zai zubo maka hedojin yadda suke ba kwalliya. Mutane da yawa curl -I suke amfani da shi, yana aiki, amma ka sani buƙatar HEAD yake aikawa ba GET ba, kuma akwai sabar da ke amsa su daban, don haka wani lokaci abin da ka gani ba shi ne abin da burauza ke samu ba.

To me makin yake aunawa? Galibi ya zo ko bai zo ba. Kamar malamin da ke kiran suna ne a aji, ya san wanda ya halarta amma kiran suna baya gaya masa wanda ya gane karatu. Ban ce manhajojin basu duba abin da ke cikin hedar ko kaɗan ba, suna yi, in ka sa 'unsafe-inline' (kalmar da ke barin duk JavaScript da aka rubuta a cikin shafi ya gudana) a ɓangaren sikirif na CSP Observatory zai zaftare maka maki 20, ita ma securityheaders.com zata yi maka gargaɗi ta hana ka A+. Amma basu san shafinka ba, basu san wace manhaja ke bayansa ba, basu san ina ne ake shigar da lambar kati ba, shafi ɗaya tak da ka basu suka gani, shi ma a matsayin baƙon da bai shiga da asusu ba.

Mu ɗauki Strict-Transport-Security, wanda ake kira HSTS, an daidaita shi a takardar ƙa'ida mai lamba RFC 6797 a 2012. Matsalar da ya zo magancewa ita ce mutum baya rubuta https da hannunsa, sunan shafi kawai yake bugawa, sai burauza ta fara zuwa ta HTTP sannan sabar ta tura ta HTTPS, to a wannan ɗan tsakanin wanda ke zaune a kan hanya, misali a wayfay ɗin da kowa ke hawa, zai iya riƙe mutum a HTTP yana karanta duk abin da yake aikawa. Moxie Marlinspike ya nuna wannan a fili a 2009 da manhajarsa sslstrip. Da HSTS burauza tana haddacewa cewa shafin nan HTTPS kawai, na tsawon daƙiƙun da ka rubuta a max-age, 31536000 shi ne shekara guda. Manhajar duba heda zata ga layin ta baka kore. Abin da bazata gaya maka ba shi ne in ka ƙara includeSubDomains alhali kana da wani tsohon reshen adireshi da ma'aikata ke amfani da shi wanda bashi da satifiket ɗin da HTTPS ke buƙata, ka rufe musu shi kenan, kuma ba irin gargaɗin da ake danna "ci gaba" a wuce bane, burauza bazata bada wannan zaɓin ba sam. Haka in satifiket ɗinka ya ƙare ba a sabunta ba, duk wanda ya taɓa ziyarta ya tsaya a waje. Shi yasa ake farawa da kaɗan, minti biyar wato max-age=300, in komai lafiya a kai mako, a kai wata, sannan shekara. Maganar preload kuwa, wato a saka sunan shafinka cikin jerin da ke zuwa a jikin burauza tun daga masana'anta don ko ziyarar farko ma ta samu kariya, abu ne mai kyau ƙwarai amma shiga ya fi fita sauƙi nesa ba kusa ba, cire suna yana ɗaukar watanni kafin ya kai ga masu amfani. Don Allah kada ka kwafo layi mai preload daga wani wuri kawai don maki ya ƙaru, ka zauna ka lissafa duk rassan adireshinka tukuna. Sannan ƙaramin abu, in ka aika HSTS a amsar HTTP burauza watsi take yi da shi, sai ta HTTPS yake aiki.

Inda maganar ta fi zafi shi ne Content-Security-Policy. Wannan ita ce heda mafi ƙarfi kuma mafi wahalar saitawa, aikinta ta gaya wa burauza daga ina aka yarda a ɗauko sikirif, hoto, firam, kuma zuwa ina aka yarda shafi ya aika bayanai, don in mai kutse ya samu ya cusa JavaScript ɗinsa ta akwatin sharhi ko wurin bincike, abin da ake kira XSS, burauza taƙi gudanar da shi. Yadda yawancin mutane ke yi shi ne su rubuta jerin adireshin da suka yarda da su, nasu, da na wurin da suke ɗauko jQuery, da na masu ƙididdigar baƙi, da na masu talla, jerin yayi ta tsawo, in wani abu ya daina aiki a ƙara adireshi har kuskure ya daina fitowa. A 2016 masu bincike a Google sun duba irin waɗannan tsare-tsaren a shafuka masu ɗimbin yawa, suka gano fiye da kashi 90 cikin 100 ana iya tsallake su. Dalili kuwa, da yawa sun bar 'unsafe-inline', sauran kuma sun amince da manyan rumbunan da kowa ke ɗauko kod daga cikinsu, kuma a cikin rumbun akwai tsofaffin nau'o'in AngularJS ko hanyoyin JSONP da mai kutse zai yi amfani da su ya gudanar da abin da yake so, ta adireshin da kai da kanka ka ce ka yarda da shi. An yi ba a yi ba kenan. Kuma irin wannan tsarin zai iya wucewa lafiya lau a manhajar bada maki, tunda hedar tana nan kuma babu kalmar da aka hana a ciki.

Abin da ya fi shi ne nonce, wato sabar ta ƙirƙiri wata lamba ta ba-zata sabuwa a kowace amsa, ta sa ta a heda ta kuma sa ta a jikin kowane sikirif na halal, wanda bashi da lambar bazai gudana ba, ko kuma ka yi amfani da hash na sikirif ɗin, wato lambar da ake lissafowa daga abin da ke cikinsa, in shafinka baya canzawa. A haɗa da 'strict-dynamic' da object-src 'none' da base-uri 'none'. Amma lura, in lambar bata canzawa, wani ya rubuta ta da hannu a saitin sabar ta zauna haka kullum, to bata da amfani ko na anini, mai kutse zai karanta ta ya liƙa wa nasa. Manhajar da ta duba sau ɗaya ta yaya zata san lambar bata canzawa? Sai kai ka duba sau biyu ka kwatanta. Don CSP kaɗai akwai CSP Evaluator na Google, ka liƙa masa tsarin naka zai nuna maka adireshin da aka san ana tsallakawa ta cikinsu, ni a ganina duk wanda ya rubuta CSP bai wuce da shi ta nan ba bai gama ba. Kuma kada ka kunna shi kai tsaye a shafin da mutane ke amfani da shi, akwai Content-Security-Policy-Report-Only, baya hana komai sai dai ya riƙa aiko maka rahoton abin da da zai hana, ka barshi yayi kwanaki kana karantawa kana gyarawa. Zaka ga tarkace da yawa a rahoton daga ƙarin manhajojin da mutane ke sawa a burauzarsu, kada ya firgita ka, ka tace. Sai dai kuma kada a manta shi a haka har abada, na sha ganin shafin da ya shekara a Report-Only kowa na zaton akwai kariya.

In kana ganin kamar wannan duk tsoro ne na a takarda, ka tuna abin da ya faru a Fabrairun 2018, lokacin da aka yi kutse aka canza fayil ɗin Browsealoud, wani sikirif da shafuka ke ɗaukowa don karanta wa masu matsalar gani rubutu, aka cusa masa kod mai haƙo kuɗin Monero da kwamfutar baƙi. Shafuka fiye da 4,000 suka kamu a lokaci guda, har da na hukumar kare bayanai ta Birtaniya da na kotunan Amurka, kuma babu wanda aka taɓa sabar ɗinsa a cikinsu, amana kawai suka ba fayil ɗin wani. A shekarar dai aka saci bayanan katin dubban ɗaruruwan abokan cinikin British Airways ta hanyar ƙara 'yan layuka a wani fayil ɗin JavaScript da ke aika abin da mutum ya rubuta zuwa wani adireshi na daban, daga baya a 2020 aka ci kamfanin tarar fam miliyan 20. A 2024 kuma polyfill.io, bayan adireshin ya canza hannu, ya fara raba gurɓataccen kod ga shafuka sama da 100,000. A irin na Browsealoud abin da zai taimaka shi ne Subresource Integrity, ka sa hash na fayil ɗin a jikin alamar sikirif, in an canza ko harafi ɗaya burauza taƙi karɓa, a irin na British Airways kuma connect-src mai tsauri, wato ɓangaren CSP da ke faɗin inda shafi zai iya aika bayanai, yana rufe hanya mafi sauƙi ta fitar da bayanan. Ban ce heda kaɗai zata hana komai ba, wanda ya riga ya mallaki sabar ɗinka zai iya canza hedar ma, amma tana sa aikin ɓarawo yayi wuya kuma tana sa ka ji ƙara da wuri in kana karɓar rahoto.

Sauran basu da wahala. X-Content-Type-Options: nosniff ka sa kawai, yana hana burauza yin hasashen nau'in fayil, kada abin da aka ɗora a matsayin hoto ko rubutu ya koma sikirif. X-Frame-Options da DENY ko SAMEORIGIN yana hana a ɗora shafinka a ɓoye ƙarƙashin wani maɓalli a yaudari mutum ya danna abin da bai yi niyya ba, yanzu frame-ancestors na cikin CSP ya gaje shi, ALLOW-FROM kuwa burauzojin zamani basa jinsa, kuma frame-ancestors baya aiki in ka sa shi a alamar meta, dole sai a heda ta gaske. Referrer-Policy yana rage yawan adireshin da ke bin mutum in ya danna mahaɗi ya fita, Chrome tun 2020 da Firefox tun 2021 sun mayar da strict-origin-when-cross-origin abin da suke yi da kansu, amma rubuta shi ya fi. Permissions-Policy kuma ka kashe kyamara da makirufo da wurin da mutum yake in shafinka baya buƙatarsu. Kukis ɗin shiga su samu Secure da HttpOnly da SameSite, kuma nan ma manhajar da bata shiga da asusu ba bazata taɓa ganin kukin da ya fi muhimmanci ba, sai ka buɗe kayan aikin burauza da F12 bayan ka shiga ka duba da kanka.

Akwai kuma waɗanda zamaninsu ya wuce amma tsofaffin darussa da wasu manhajojin duba na nan suna cewa a sa. X-XSS-Protection, Chrome ya cire abin da take kunnawa tun 2019 a nau'i na 78 saboda shi kansa yana buɗe wasu ƙofofin, yanzu shawarar ita ce a cire ta ko a sa mata 0. Public-Key-Pins ma an janye ta, don kuskure ɗaya yana iya kulle shafi na tsawon watanni babu yadda za ayi. In manhajar da kake amfani da ita tana rage maka maki don babu waɗannan biyun, manhajar ce ta tsufa, canza ta.

Yanzu ga inda nake ganin ainihin amfanin dubawa ta atomatik yake, kuma shi ne abin da aka fi sakaci da shi. Heda ba abu bane da zaka sa yau ya zauna, ɓacewa take yi shiru ba tare da komai ya lalace a ido ba, shafi na buɗewa lafiya, babu wanda zai kira ka. Misalin da ya fi kama mutane shi ne na manhajar sabar Nginx. Ka rubuta add_header guda biyar a matakin server, komai kore. Bayan wani lokaci abokin aiki ya zo ya ƙara add_header guda ɗaya tak a cikin wani location, misali don Cache-Control na wani ɓangare, to a ƙa'idar Nginx da zarar matakin ƙasa ya samu add_header nasa baya gadon na sama, duk biyar ɗin sun tafi a wannan ɓangaren. Shafin farko yana nan da A+ ɗinsa, ɓangaren da aka taɓa kuma tsirara. Sannan in baka ƙara kalmar always a ƙarshen layin ba, hedar bata fita a amsoshin kuskure irin 404 da 500. A Apache ma akwai bambanci tsakanin Header set da Header always set. Haka in an sa Cloudflare ko wani makamancinsa a gaba, ko an sauya kamfanin da ke ajiye shafin, ko an sabunta filogin a WordPress, hedar na iya ɓacewa ko ta fito sau biyu da ƙima daban daban, kuma in CSP ta zo sau biyu burauza duka biyun take aiwatarwa, wato abin da ya wuce ta duka ne kawai zai gudana.

Shi yasa nake cewa duban da kayi sau ɗaya a shafin farko kusan gaisuwa ce kawai. Ka rubuta ɗan sikirif, ko da layi ashirin ne da curl ko Python, ka bashi jerin adireshi, shafin farko, shafin shiga, shafin biyan kuɗi in akwai, adireshin da ka san babu shi don ka ga amsar 404, wata hanyar API, fayil ɗin hoto ko JavaScript guda, adireshi mai www da marar www, da sigar HTTP don ka tabbatar tana turawa HTTPS a kan sunan guda kafin ta je ko'ina. Kuma kada ya tsaya a "akwai ko babu", ya kwatanta ƙimar da abin da ka rubuta kake tsammani harafi da harafi, in ta bambanta ya tsayar da fitar da sabon kod ko ya turo maka saƙo. Ka sa shi ya gudana duk lokacin da aka ɗora canji, da kuma sau ɗaya a rana ko da ba a taɓa komai ba, tunda wani canjin ba daga hannunka yake zuwa ba. Observatory yana da sigar da zaka girka a kwamfutarka ka kira ta daga layin umarni, wannan yana da amfani ga shafin gwaji da ba a buɗe wa duniya ba, ZAP ma, wata manhajar gwajin tsaron shafi, yana da duban da baya kai hari sai dai ya zagaya ya karanta amsoshi. Da yawa daga cikin masu karɓar kuɗi da kati ma yanzu ba zaɓi bane gare su, ƙa'idar tsaron bayanan kati ta PCI DSS a sashe na 11.6.1 ta wajabta tun 31 ga Maris 2025 a samu hanyar gano canjin da ba a yi izini ba a hedoji da sikirif na shafin biyan kuɗi yadda burauzar mai saye ke karɓarsu, aƙalla duk kwana bakwai ko gwargwadon nazarin haɗarin da kamfani yayi.

A cikin sikirif ɗin ka ƙara layin da zai yi ƙorafi in ya ga Server ko X-Powered-By suna faɗin lambar nau'in manhajar da kake kai, ɓoyewa ba kariya bace da kanta amma babu dalilin da zaka sanar da mai neman tsohon PHP cewa gashi nan. Kuma karanta hedar shafin wani ba laifi bane, burauzarka ma kullum tana yi, amma ɓangaren ZAP mai kai hari da gaske a shafinka kawai zaka kunna shi, ko wanda mai shi ya baka izini a rubuce.